Hau In Gani: Jinjina ga Inno Tela ta Arlit

Idan kar ta farko, wato motar kamfani mai kwasar ma'aikata, ta tashi ta nufi mahaƙar uraniyom, gari ya ɗan lafa, lokacin ne Inno Tela take buɗe shagonta a bakin kasuwar Arlit, bayan layin masu gyaran babur. Ba ta gaggawa. Sai ta share ƙofa, ta yayyafa ruwa, ta ɗiga wa kekenta mai, ta goge shi da wani tsohon tsumma da ta hana kowa taɓawa. Daga nan ta jawo wani akwatin katako daga ƙarƙashin teburin yanka, ta ajiye shi a tsakiyar ɗaki, daidai inda baƙo zai yi tuntuɓe da shi. Sannan ta zauna ta sha shayinta. Haka na san ta fiye da shekara talatin, haka kuma ta yi ta yi har makon jiya, da ta ce idonta ya gaji, za ta rufe.

Ba'adara ce, daga Tawa. Ta biyo mijinta, direban babbar mota, lokacin da garin nan yake tashen kuɗi. Ya rasu a hanyar Agadas, ya bar ta da 'ya'ya da keken ɗinki na ƙafa, baƙi, wanda har yau shi take takawa. Shagonta ba shi da allo, sunanta kuma ba ya cikin takardar kowane biro, wato ofis. Amma da za a tara matan da suka yi aiki a Arlit da Akokan, malaman lakwal, wato makarantar boko, da ungozomomi da masu buga keken rubutu irina, a tambaye su wa ya tufatar da su har suka kai ga hutawa, rabinsu Inno za su ce.

Sauran teloli suna auna mace a tsaye, hannuwa a sake, ta riƙe numfashi. Inno ta ce ita ba ta taɓa ganin macen da ake biya don ta tsaya ƙyam ba. Tana aunawa da metir kamar kowa, amma wannan somin taɓi ne. In ta yanka, ta harhaɗa da manyan ɗinki, sai ta sa ki saka kayan, ta nuna miki akwatin da haɓa, ta ce, “Hau in gani.” Ki hau da ƙafar dama, ki sauko, ki hau da ta hagu. Ki miƙa hannu sama kamar mai rubutu a saman allo. Ki duƙa kamar mai duba majinyaci a gado. Ki yi ruku'u. Ita tana zaune da allura a baki, tana kallon inda yadi ya ja da inda ya buɗe. In ƙwauri ya leƙo, ko baya ya yaye, ko hammata ta matse, ba za ki fita da kayan ba ko da kin yi rantsuwa cewa ke kin yarda da su a haka.

Ni ce dalilin akwatin nan, kuma ba alfahari nake yi ba. Na zo daga Damagaram ina 'yar budurwa, na sami aikin buga takardu a biron kamfani. A shekarun farko ba mu da matsalar sutura. Kantin kamfani yana kawo jip, wato siket, doguwa mai kauri da riga mai hannu, launi natsattse, irin wadda mace za ta sa ta shiga gaban kowa. Da farashin uraniyom ya faɗi, Turawa suka fara naɗe kayansu, kantin ya rage, ya sauya masu kawo masa kaya. Sai ga wasu jip matsattsu masu tsaga a baya, wai su ake yayi a can. Na saya domin babu wata. Ranar da na fara sa ta, na zo hawa kar, na ɗaga ƙafa zuwa matakala, sai na ji ɓarrr daga baya har kusan ƙugu. Mazan da ke layi duk suka shiga kallon sama, ban da mutum ɗaya, wanda har yau in na gan shi a kasuwa sai na sauya hanya. Na ɗaura gyalena a ƙugu na koma gida ina kuka.

Maƙwabciyata ce ta kai ni wurin Inno. Na zaci za ta tambayi faɗin ƙuguna, sai ta tambaye ni tsawon matakalar motar. Na ce ban sani ba. Washegari ta riga ni zuwa tasha da igiya a hannu, ta roƙi direba ya ɗan dakata, ta durƙusa a gaban ma'aikata ta auna daga ƙasa zuwa matakala, ta ƙulla igiyar. Direbobi suka yi ta tsokanarta, wai ko wando za ta ɗinka wa motar. Ba ta kula su ba. Ta kai igiyar wurin kafinta, ya yanke mata wani tsohon akwatin kayan inji daidai ƙullin. Jip ɗin da ta ɗinka mini a wannan makon na sa ta har ta koɗe, ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Tun daga lokacin, kasuwar tufafin mata ta sauya fuska ban san sau nawa ba, kuma kowace sauyawa sai ta manta da mace mai aiki. An yi zamanin kayan Tamanrasset da na Libiya, aka zo aka yi na Dubai, yanzu ga na Sin sun cika rumfuna. Ko dai matsattse mai roba da ke bin jiki, ko mai ƙyalƙyali kamar za a je gidan biki, ko kuma abaya mai jan ƙasa da faɗin hannu, wadda tayar babur ɗin kabu-kabu take jira, allon lakwal kuma ya shafe ta da alli tun kafin a tashi tara. Aljihu kuwa an daina yi mana shi gaba ɗaya, kamar mace ba ta da makulli. In ka yi magana mai kanti ya ce, “Hajiya, shi ake yayi.” Na gaji da jin wannan magana. Wanda ya ƙirƙiro yayin bai taɓa tsayawa a layin mota da maza a bayansa ba.

Ɗinkin Inno bai sauya ba. Jip daga ƙugu zuwa idon sawu, da ninki a baya wanda yake buɗewa in kin taka, ya rufe in kin tsaya. Riga mai rufaffen wuya da dogon hannu, da maɓalli a wuyan hannu domin a naɗe lokacin alwala. Aljihu mai zurfi a kowane gefe. Shi ke nan, babu surfani, babu duwatsu. 'Yan mata sukan kira shi ɗinkin tsofaffi, su wuce shagon suna dariya. Sai sun yi wata ɗaya a bakin aiki, ka gan su sun dawo da yadi a leda, suna gaishe ta da ladabi. Ba zan ce ba ta da aibi ba. Tana da jinkiri, bakinta kuma ba ya ajiye magana. In kin kawo mata leshin biki za ta nuna miki shagon maƙwabcinta ba tare da ta ɗago kai ba. Ta ce ita kayan Litinin take ɗinkawa, na Sallah akwai masu yi.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne labarin Mina, domin ina wurin daga farkonsa har ƙarshensa.

Mina 'yar mutanen Abzin ce, daga wajen Dannet. Farin da aka yi a tsakiyar shekarun tamanin ya cinye musu dabbobi, suka shigo Arlit suka kafa bukka a unguwar Bukoki. Mahaifinta ya tafi Libiya neman aiki, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Riƙonta da na uwarta da ƙannenta ya koma hannun kawunta Rhissa, wanda ya sami aikin gadi a ƙofar masana'anta. Yarinyar ta shiga lakwal da girmanta, ta riƙe karatu da hannu biyu. Lokacin da ta gama, tawayen Abzinawa ya riga ya ɓarke, ana sallamar ma'aikata, mai suna irin nata kuma sai an dube shi sau biyu kafin a ba shi kujera. Duk da haka aka ɗauke ta a labo, ɗakin da ake gwajin ƙasar ma'adini, tana wanke kwalabe tana auna samfur. Albashin gadi ba ya riƙe gida biyu, don haka aikin nan shi ne abincin uwarta da karatun ƙannenta.

A labo akwai doka, kuma doka ce mai hankali. Ana aiki da ruwan asid, saboda haka ba a shiga da zane ko mayafi ko wani abu mai reto, kuma duk abin da ke saman jiki sai ya zama yadin kamfani, auduga mai kauri. A da ana ba da farar riga doguwa har ƙasan gwiwa. A wannan shekarar sabon mai kawo kaya ya aiko da na mata daban: riga gajeriya mai kama ƙugu, da wando siriri mai bin cinya. Aka ba Mina riga biyu da wando ɗaya, aka ce ta gama kwanakin koyo da tsohuwar rigar wani, amma daga Litinin ɗin da za a tabbatar da ita sai da nata kayan, tun daga gida, domin babu ɗakin sauya kaya na mata. In ba ta zo ba, akwai masu jiran wurin. Rhissa ya ɗaga wandon ya duba, ya ce ba za ta sa ba.

Ni na kai ta wurin Inno, raina a ɓace, ina ta faɗin maganganu a kan mazan da ke tare wa mata hanya. Inno ta juya kayan, ta ja yadin, ta ce za a iya. Ta farke rigunan biyu ta mai da su ɗaya, doguwa har idon sawu, da ninkinta a baya. Ta ciro hannu daga ragowar ta ƙara wa hannu tsawo, ta haɗa ɗan abin rufe kai da ake cusawa cikin wuyan riga. Wandon ta bar shi a ƙarƙashi, tunda riga ta rufe shi. Mina ta hau akwati ta sauko, komai ya zauna. Sai Inno ta ce a kira kawun ya gani da idonsa, domin ita ba ta ɗinkin ɓoye.

Ya zo da la'asar, dogo, da rawaninsa da sandarsa, ya tsaya a bakin ƙofa. Bayan gaisuwa ya yi magana a hankali, da irin Hausarsa.

“Ni ban hana shi aiki ba, Tela. Amma ni ne a ƙofa. Kullum mota yana zuwa, mace yana sauka, ni ne ina jin abin da maza suna faɗi.”

Inno ta ce ta ji, shi ya sa ta kira shi. Ta nuna masa akwatin, ta yi masa bayanin igiya da kafinta. Ya matso, ya jingina sandarsa da akwatin, ya sa yatsa a kan wani tabon ƙuna da ke jikin sandar, kusan taƙi ɗaya sama da bakin katakon. Ya ce akwatin gajere ne. Motocin layin masana'anta an sauya su a bara, sababbin sun fi tudu, kuma kullum a jikin matakalarsu yake jingina sandar nan in yana duba katin ma'aikata, ya san inda take kai masa.

Na san Inno da faɗa, na jira in ji ta tashi. Shekaru tana alfahari da akwatin nan, ga wani maigadi ya zo ya ce bai kai ba. Sai ta tsura wa sandar ido. Matan da take yi wa ɗinki duk 'yan biro ne da lakwal da asibiti, masu hawa tsofaffin motoci, ba wadda ta taɓa gaya mata. Can ta cire allurar daga bakinta.

“Gaskiya ka hwaɗi, Malam. Ni ban sani ba.”

Ta fita da kanta zuwa wurin masu gyaran babur, ta dawo da guntun katako mai kauri, ta aza a kan akwatin har ya kai tabon sandar. Ta ce wa Mina ta hau. Mina ta ɗaga ƙafa, rigar ta tattare har gwiwa, siririn wandon ya fito fili, manne da ƙwauri. Rhissa ya ja rawaninsa ya rufe hanci, ya juya fuska wajen titi, ya yi sallama ya tafi. Mina ta zauna a kan akwatin ta fashe da kuka.

Na ce abin da na ce a kansa, ba zan maimaita a nan ba. Inno ta katse ni. “Ke Zinatu, yi mana shiru. Ke hawa mota kikai ki wuce abinki, shi ko yana nan tsaye yana jin abin da aka hwaɗi bayan kin wuce.” Sai na tuna mutumin nan na layi da bai kalli sama ba.

Magani a fili yake, wando mai faɗi, wanda ko riga ta ɗaga ba abin da za a gani. Yadin ne babu. Hanyar Agadas ba a bin ta sai da rakiyar soja, rakiyar kuma ba wanda ya san ranar zuwanta. Ma'ajin kamfani ya ce ba shi da ko ƙyalle. Inno ta farke siririn wandon ko za ta sami abin saki, ta tarar an yanka shi cif-cif. Ta samo wani kaki a kasuwa, Mina ta kai wa Malam Tijjani, mutumin Maradi da ke kula da lafiyar ma'aikata a labo. Ya ɗiga masa asid a gabanta, yadin ya narke ya dunƙule, ashe da leda a cikinsa. Ya ce ta yi haƙuri, ba zai bari ta sa abin da zai manne mata a fata ba, kuma gaskiyarsa ce. Ranar Alhamis na wuce shagon, na tarar da Inno zaune, keke a tsaye, farar rigar a rataye.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina shagon, sai ga Rhissa da ƙunshi a hammata. Ya ajiye shi a kan akwatin ya kwance. Kakinsa ne na gadi, riga da wando, na biyun da ake ba su a shekara, sabo fil, ko wanki bai taɓa gani ba.

“Yadin kamfani ne,” in ji shi. “Yanka.”

Inno ta dube shi, ta dubi kakin. “Kai hwa, mi za ka sa?”

“Ina da ɗaya.”

Ba ta yi masa godiya ba, shi ma bai jira ba. Tun kafin ya kai ƙarshen layin masu babur na ji ƙarar almakashi. Mutum ne dogo, yadin ya wadata. Ta fitar da wando mai faɗi daga ƙugu har ƙasa, ta ƙara masa hantsa daga bayan rigar kakin, ta tattare ƙafar a idon sawu da maɓalli domin kada ta yi reto. Ranar Asabar Mina ta kai wa Malam Tijjani duka kayan. Ya duba, ya yarda da komai sai igiyar da aka sa wa abin rufe kai, ya ce za ta iya sarƙewa a inji, a mai da ita maɓalli. Inno ta yi ta mita wai mutanen Maradi ba sa ganin abu su ƙyale, amma ta cire igiyar.

Ranar Lahadi Rhissa ya dawo ya tsaya inda ya tsaya da farko. An riga an buga wa akwatin sabon katakon da ƙusa. Mina ta hau da dama, ta hau da hagu, ta miƙa hannu, ta duƙa. Rigar ta ɗaga kamar da, amma abin da ke ƙarƙashinta kaki ne mai faɗi, irin wanda kowane ma'aikaci yake sawa. Ya duba sau ɗaya ya ce ya yi.

Litinin da yamma, da ya tashi daga gadi, ya biyo ta shagon. Inno ta tambaye shi me aka ce da yarinyar ta sauka daga mota. Ya ce, “Ba a ce komai ba.” Ta sake tambaya, ya ce ta sauka, ta nuna kati, ta wuce, mazan suna ta hirarsu ta ƙwallo. Inno ta sha gaya mini cewa a duk shekarunta na ɗinki ba ta taɓa samun yabon da ya kai wannan ba.

Wannan shekarar Rhissa da kaki ɗaya ya ƙare ta. Ranar hutunsa yake wanke shi, ya zauna cikin tsohuwar rigarsa yana jiran ya bushe. Da gwiwar wandon ta huje, Inno ce ta yi masa faci da ragowar abin da ta yanka. Mina kuwa ta yi aikinta a labo har ta zama ita ke koya wa sababbi, ba ta bar wurin ba sai da aka rufe sashen. Ƙannenta duk sun yi karatu, ɗaya yana aiki a tashar wuta ta Cirozerin. Uwarta ta rasu a ɗakin siminti, ba a bukka ba. Matan da aka ɗauka a labo bayanta duk wurin Inno suka bi, da rigunansu biyu-biyu a hannu.

Inno, ke ce kika gane abin da masu kanti har yau ba su gane ba, cewa mace mai aiki ba ado take nema da safe ba, so take ta manta da abin da ke jikinta ta yi abin da ya fitar da ita. Ke ce kika durƙusa a tasha ana yi miki dariya saboda wata 'yar Damagaram da ba ki haɗa komai da ita ba. Ke ce kuma, da aka nuna miki akwatinki bai kai ba, ba ki yi gardama ba, kika tafi neman katako. Wannan ya burge ni fiye da iya ɗinkinki, domin na san halinki, na san abin da ya ci miki. Ba'adara mai allura a baki, uwar masu fita da safe. Duk wanda ya dubi akwatin nan yau zai ga hawa-hawa ne, katako a kan katako, kowanne da launinsa. Akwai na motar masana'anta, akwai na dogayen motocin ƙungiyoyin agaji, har da wani benci da kika ƙara a gefe da kabu-kabu ya cika gari, kina sa mata su zauna a kai ki ga inda jip za ta tsaya.

Ranar da za ta rufe, mun taru ba tare da an gayyaci kowa ba. Tsofaffin malamai, ungozomomi, mu 'yan biro, kowa da ɗinkin Inno a jikinta, har muka yi ta yi wa juna dariya don kamar 'yan makaranta ɗaya. Mina ta zo da 'yarta Dassin, wadda ta gama karatun jinya, za ta fara aiki a asibiti, a sashen da ke raka majinyata cikin motar asibiti zuwa Agadas. Sun zagaye kasuwa kaf ba su sami abin da za ta sa ba, sai Inno ta ce wannan zai zama na ƙarshe. Ta daɗe a kansa, zare ma sai an zura mata.

Dassin ta sa kayan ta tsaya gaban akwati. Kafin Inno ta yi magana sai muka ji sallama. Rhissa ne, ya tsufa, ya ranƙwafa, ya koma aikin lambu tun tuni, amma sandar nan ce dai a hannunsa. Ya ce kada a hau tukuna. Ya tako a hankali ya jingina sandar da akwatin, ya sa yatsa a kan wani sabon zane da aka yi da wuƙa. Ashe da safe ya je asibiti ya roƙi direba, ya auna bayan motar. Ya duba da kyau, ya ce akwatin ya kai, har ya ɗan wuce.

Inno ta ce, “Hau in gani.” Daga inda take zaune ba ta gani, duk mun san haka. Ta jawo kujerarta har gindin akwatin, ta kama bakin jip ɗin da hannu, yarinyar ta hau, ta sauko, ta sake hawa, yatsun Inno suna bin yadin zuwa idon sawu. Ta ce, “Sauko, ɗiyata, ya yi.” Mina ta juya baya tana share ido da gefen mayafi, ni kuwa ban ɓoye nawa ba.

Mun gode, Inno. Allah ya saka miki da alheri, ya ba idonki sauƙi, ya suturta ki kamar yadda kika suturta mu. Ku kuma telolin Arlit da Akokan, maza da mata, da ku masu zuwa saro kaya, 'ya'yanmu suna fita aiki kullum, kuma ba su da inda za su je yanzu. Inno ta ce keken na jikarta ne, amma akwatin yana nan a shago, duk telan da yake so ya zo ya ɗauka kyauta. Sharaɗinta ɗaya ne, ya fara zuwa tasha da igiya ya auna motar bana.